Nahawun Esperanto: ka shiga masa ta ƙofar Hausa

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai wani harshe mai suna Esperanto da mutum ɗaya ya ƙirƙira, wai duk nahawunsa ƙa'idoji 16 ne, kuma wai cikin mako guda mutum zai iya shi. Ni ɗalibi ne, Hausa ce harshena, ina kuma jin Turanci daidai gwargwado. Da gaske ne? In da gaske ne, ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, maganar ƙa'idoji 16 gaskiya ce, amma ta mako guda an zuba mata gishiri.

Wanda ya tsara harshen sunansa Ludwik Zamenhof, Bayahude ne, likitan ido, an haife shi a 1859 a Biyalistok, garin da yanzu yake cikin Poland amma a lokacin yana ƙarƙashin daular Rasha. A garin akwai Yahudawa da 'yan Poland da Rashawa da Jamusawa, kowa da harshensa, kowa na kallon ɗan'uwansa a kaikaice. Wannan ya sa tun yana yaro yake tunanin a sami harshe na biyu wanda ba mallakin wata ƙabila ba. A 1887 ya buga ɗan ƙaramin littafi da Rashanci a birnin Warso, ya sa hannu da laƙabin Doktoro Esperanto, wato likita mai sa rai, laƙabin kuma ya bi harshen har yau. Ƙa'idojin 16 suna cikin wannan littafin, sannan a 1905 aka kafe su a kundin Fundamento de Esperanto, wanda babban taro na farko ya amince da shi a garin Boulogne-sur-Mer na Faransa.

Kana iya karance su tsakanin la'asar da magariba. Sai dai Zamenhof ya rubuta su ne don Turawan da suka riga suka san nahawun harsunan Turai, don haka abubuwa da yawa bai faɗa ba, ya bar su ga sanin mai karatu. Littafin nahawun Esperanto da aka fi komawa gare shi a yau ya kusa shafi 700. Abin da ya sa harshen yake da sauƙi ba ƙarancin ƙa'idoji ba ne, rashin togaciya ne: abin da ka koya yau a kan kalma ɗaya, haka yake a kan kowace kalma. Shawarata kuma, wadda na daɗe ina ba masu koyo, ita ce kada ka bi ta Turanci. Ka riƙa gwada shi da Hausa kai tsaye. Za ka yi mamakin wuraren da Hausa ta fi Turanci kusa da shi.

Fara da baki. Haruffa 28 ne, babu q, w, x da y, kuma kowane harafi sauti ɗaya yake da shi. Wasulan su ne namu biyar, a, e, i, o, u. Babu karin sauti ko jan wasali irin wanda ya raba gari na zama da gari na tuwo. Abin da za ka kiyaye shi ne nauyin murya, kullum a kan gaɓa ta biyu daga ƙarshe: DO-mo, es-pe-RAN-to, fa-mi-LI-o. Akwai haruffa shida masu alama a ka, masu harshen suna ce musu masu hula. Ĉ shi ne c ɗinmu na ciki, ĝ shi ne j na jiki, ŝ shi ne sh na shanu, ŭ kuma shi ne ƙarshen kyau, shi ya sa naŭ, tara, ake karanta shi nau. Ĥ duk wanda ya yi karatun allo ya san shi, shi ne kha na Larabci, kuma da wuya ka gamu da shi. Ĵ shi ne j na Faransanci, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba sa buƙatar bayani. Haruffa biyu marasa hula ne za su yaudari idonka. J sautinsa y ne, don haka jaro, shekara, ana karanta shi yaro. C kuwa ts ne, amma mai laushi, ba tare da matse maƙogwaron da muke yi a tsuntsu ba.

Inda harshenmu yake tuntuɓe shi ne p, f, v da b. Mu f ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin sa, yakan koma p ko h gwargwadon garin mutum, v kuwa ba mu da shi sam. A Esperanto vero gaskiya ce, fero ƙarfe ne, bero kuma ƙananan 'ya'yan itace. Ka tsaya gaban madubi, ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa don f da v, ka haɗe leɓɓa don p da b. Haka nan ka hana bakinka cusa wasali tsakanin baƙaƙe: strato, titi, ba sitirato ba ne, knabo, yaro, ba kinabo ba ne. Wannan ya fi kowace ƙa'idar nahawu cin lokaci, kuma babu ita a cikin 16 ɗin.

Zuciyar nahawun tana ƙarshen kalma. Kowane suna yana ƙarewa da -o, kowace sifa da -a, bayanau da aka ƙera daga saiwa da -e, aikatau da ba a sa masa lokaci ba da -i. Ɗauki saiwar parol-: parolo magana, paroli yin magana, parola na baka, parole da baki. Ko san-: sano lafiya, sana mai lafiya, sane cikin lafiya. Da ka ga kalma, ko ba ka san ma'anarta ba, ƙeyarta ta gaya maka aikinta a jimla.

Jam'i kuwa, duk wanda ya taɓa koya wa baƙo Hausa ya san wahalar da muke ba mutane: gida gidaje, kare karnuka, littafi littattafai, mace mata, ido idanu. A Esperanto -j ce kawai, mai sautin y: domo domoj, hundo hundoj, libro libroj, okulo okuloj. Sunaye ba su da jinsi, babu ruwanka da cewa riga mace ce wando namiji ne. Sifa tana bin sunanta a jam'i: nova domo, novaj domoj. Masu jin Turanci suna kuka da wannan, amma kai da ka saba cewa sabon gida, sabuwar riga, sababbin gidaje, an ma rage maka kaya ne. Akwai kalma ɗaya la, wadda ba ta sauyawa, tana yin kusan aikin -n da -r na yaron da yarinyar: knabo yaro, la knabo yaron. Mallaka ma jerinta irin namu ne, la domo de Musa, gidan Musa.

Wakilan suna: mi ni, vi kai ko ke ko ku, li shi, ŝi ita, ĝi na abu ko dabba, ni mu, ili su. Ka lura da ni ɗin nan, a Esperanto mu yake nufi, kuma zai ɗan rikita ka a makon farko. In ka sa musu -a sun zama na mallaka: mia domo gidana, ŝia libro littafinta. Sannan akwai oni, wanda malaman da ke koyarwa da Turanci suke shan dogon bayani a kansa, mu kuwa kalma ɗaya ta ishe mu: shi ne an da ana da za a. Oni diras, ana cewa. Oni venis, an zo. Akwai kuma si, wanda yake warware wata matsala da Hausa take bari. In na ce Musa ya ɗauki littafinsa, na wa? Musa prenis sian libron, nasa na kansa. Musa prenis lian libron, na wani namijin daban.

Aikatau ya cancanci mu zauna a kansa. A Hausa lokaci yana jikin wakilin suna: na ci, ina ci, zan ci. A Esperanto wakilin suna ba ya motsi, ƙeyar aikatau ce ke sauyawa: mi manĝis, mi manĝas, mi manĝos. Wato -is abin da ya wuce, -as na yanzu, -os na gaba, kuma haka suke ga kowane mutum da kowane aikatau, har da esti, zama, wanda a harsunan Turai ya fi kowa taurin kai. To amma ga tarkon da Bahaushe ke faɗawa. Na da ina na Hausa ba agogo suke nunawa ba, suna nuna ko aiki ya kammala ko yana gudana. Na sani ba yana nufin jiya ba, yanzu nake sane, don haka mi scias ne, ba mi sciis ba. Na gane, mi komprenas. A ɗaya gefen, in ka ce ina karatu lokacin da ya shigo, ina ɗin nan labarin jiya yake bayarwa, sai ka ce mi legis kiam li eniris. Nakan sha shayi da safe kuma -as zai ɗauka: mi trinkas teon matene. Kafin ka zaɓi ƙeya, ka tambayi kanka yaushe abin ya faru, kada ka fassara na da -is ido rufe.

Sauran ƙeyoyin aikatau biyu su ne -us da -u. Na farko shi ne da... da... ɗinmu: se mi havus monon, mi aĉetus ĉevalon, da ina da kuɗi da na sayi doki. Na biyun ana kiransa na umarni, venu, zo, amma aikinsa ya fi haka faɗi, kuma ya yi daidai da wani abu da muke yi kullum. Ni iru, mu tafi. Mi volas, ke vi venu, ina so ka zo. Dio helpu nin, Allah ya taimake mu. Duk inda Hausa ta sa in, ka, ya, mu na fata ko buƙata, to -u ne a can. Ni wannan dacewar tana faranta min rai duk lokacin da na zo koyar da ita, don ɗalibi yakan gane tun kafin in rufe baki.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: harafin -n. Shi ne alamar karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa. Akwai ranar da na rubuta wa wasu matasa da nake koya wa jimla biyu a allo. Ta farko: la hundo mordis la knabon. Kowa ya ce kare ya ciji yaron. Ta biyu: la knabon mordis la hundo. Na tambaya wa aka ciza, kusan duka suka ce yanzu yaron ne ya ciji kare. Wata yarinya a baya ta yi shiru tana kallon allon, can ta ce a'a Malam, ai -n ɗin tana nan jikin yaron, shi aka ciza har yanzu. Ita ce ta gane. Mu a Hausa jerin kalmomi ne yake gaya mana wa ya yi, wa aka yi wa, kunnenmu bai saba jiran wata alama a ƙarshe ba. A Esperanto kalma tana tafiya da alamarta duk inda aka ajiye ta. Sifa ma tana ɗauka, jam'i kuma yana riga ta shiga: mi vidas novan domon, mi vidas novajn domojn. Wakilin suna haka: mi amas vin, ina son ka ko ina son ki.

Wurare biyu ba a sa ta, kuma a nan masu koyo ke wuce gona da iri bayan sun fara sabawa. Ba a sa ta bayan esti, don babu wanda aka yi wa komai: li estas instruisto, shi malami ne. Ba a kuma sa ta bayan ƙananan kalmomi irin su al, de, kun, por: kun mia frato, tare da ɗan'uwana. Sai fa bayan irin su sur, wato kan, in ana nuna inda aka nufa, wanda shi ne aikinta na biyu. La kato saltis sur la tablo, kyanwa tana kan tebur tana tsalle a can. La kato saltis sur la tablon, ta yi tsalle ta hau tebur. Hejme a gida, hejmen zuwa gida. Kuma ita ce -n ɗin da ke jikin gaisuwa, saluton, dankon, bonan matenon, domin asalinsu ina yi maka sallama, ina yi maka godiya, ina yi maka fatan kyakkyawar safiya, aka gutsure farkon. Zan gaya maka gaskiya: za ka yi watanni kana mantawa da ita a magana. Za a fahimce ka, amma kada ka bari mantuwar ta zama ɗabi'a, don cire ta daga baya ya fi wuya.

Abin da ya fi burge ni a harshen shi ne ƙirar kalma da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, kuma a nan ne Hausa take riƙe hannunka sosai. Mu muna da ma- da ke ba mu wuri, kayan aiki da mai aiki: makaranta, mataji, maɗinki. Esperanto ya raba su uku. Wuri -ej-: lerni koyo, lernejo makaranta, kuiri dafa, kuirejo madafa. Kayan aiki -il-: kombi taje, kombilo mataji, ŝlosi kulle, ŝlosilo makulli, gaɓa da gaɓa kamar Bahaushe ne ya ƙera. Mai sana'a -ist-: kudri ɗinka, kudristo maɗinki, yayin da kudrilo allura ce. Mal- yana juya ma'ana: bona mai kyau, malbona marar kyau, varma mai zafi, malvarma mai sanyi, fermi rufe, malfermi buɗe. -Et- yana ƙanƙantawa, -eg- yana girmamawa: dometo ɗan ƙaramin gida, domego katafaren gida. Su kan hau kan juna ma. Duba malsanulejo: san- lafiya, mal- kishiyarta, -ul- mutum mai halin, -ej- wuri, -o suna. Wurin marasa lafiya, asibiti ke nan.

Sai tagwayen nan -ig- da -iĝ-, da littattafai da yawa suke ɗauka a matsayin darasi mai wuya. Kai ka riga ka san su. -Ig- shi ne sa a yi, irin -ar da ɗinmu: manĝi ci, manĝigi ciyar da, trinki sha, trinkigi shayar da, halti tsaya, haltigi tsayar da. -Iĝ- shi ne abu ya auku ga kansa, irin dafu da karye: la rizo kuiriĝis, shinkafa ta dafu, la bastono rompiĝis, sanda ta karye. Abin da za ka kiyaye kawai shi ne kowane aikatau sai ka san ko yana ɗaukar karɓau ko ba ya ɗauka. Boli ba ya ɗauka: la akvo bolas, ruwa yana tafasa, amma mi boligas la akvon, ina tafasa ruwa. A Hausa karin sauti ne ya raba tafasa biyun nan, a can -ig- ne.

Akwai jadawalin ƙananan kalmomi 45 da kan tsorata sabon shiga, alhali goshi biyar ne aka auri ƙeya tara. Ki- tambaya, ti- nuni, i- wani abu da ba a ayyana ba, ĉi- duka, neni- babu. Ƙeyoyin kuma -u mutum, -o abu, -e wuri, -am lokaci, -el yadda, -al dalili, -om yawa, -a iri, -es na wa. Mu ma muna yin irin wannan da ko-: wa kowa, me komai, ina ko'ina, yaushe koyaushe. Haka kiu ĉiu, kio ĉio, kie ĉie, kiam ĉiam. Kada ka haddace jadawalin rana ɗaya, ka fara da layin ki- da ti-, sauran za su biyo.

Tambayar i ko a'a tana farawa da ĉu, wato shin, amma shi ba a barinsa: ĉu vi fartas bone, kana lafiya? Korewa ne ce gaban aikatau, mi ne scias, ban sani ba. A nan ma akwai rami. Muna cewa ban ga kowa ba, sai ɗalibi ya ɗauko ĉiu don kowa, ya rubuta mi ne vidis ĉiun, alhali wannan yana nufin ba kowa na gani ba, na ga wasu. Daidai shi ne mi vidis neniun, kuma ba a ƙara masa ne, kalmar korewa ɗaya ta wadatar. Ƙirga ba ya buƙatar dogon zance: unu, du, tri, kvar, kvin, ses, sep, ok, naŭ, dek, sai cent ɗari da mil dubu. Dek unu sha ɗaya, dudek ashirin, 1887 kuma mil okcent okdek sep. Fifiko da pli da ol ake yi, inda mu muke amfani da fi: Kano estas pli granda ol Zaria, Kano ta fi Zariya girma.

Ba zan ɓoye maka inda aka ƙware mu ba. Saiwoyin kalmomin kusan duka na Turai ne, mafi yawa daga Latin da 'ya'yanta irin Faransanci, wasu daga Jamusanci kamar hundo da tago, wasu daga Turanci kamar birdo, kaɗan daga Rashanci da harshen Poland, wanda daga cikinsa ĉu ya fito. Bafaranshe yana ganin libro da tablo ya gane, kai sai ka haddace. Don haka masu cewa harshen daidai yake ga kowa sun yi azarɓaɓi. Sannan ɗafa-ƙeyar -in- ta mace, wadda ta yi kama da malam da malama, ta kai har ga uwa: patro uba, patrino uwa. Ni dai ban taɓa jin daɗin a ciro uwa daga jikin uba ba, mu da muke da kalma mai zaman kanta ga kowannensu, kuma masu harshen kansu sun daɗe suna muhawara a kai. Duk da haka 'yan Afirka sun rungume shi, musamman a Togo, Benin, Burundi da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, kuma a 2024 aka yi babban taron duniya na Esperanto karo na 109 a Arusha ta Tanzaniya, wanda shi ne na farko a nahiyarmu.

Ta ina za ka fara? Mako na farko ka ba baki da kunne, kana karatu da ƙarfi. Daga nan -o, -a, -e, -j da ƙeyoyin aikatau shida, kana gina gajerun jimloli a kan gidanku da unguwarku. Sai -n, wadda za ka riƙa bibiya kullum. Siffofin aikatau irin su -ant-, -int-, -at-, -it- ka ajiye su tukuna, kana iya hira mai tsawo ba ka taɓa su ba. Shafin lernu.net kyauta ne, Duolingo ma yana da darasin ta hanyar Turanci. In wayarka ba ta da haruffa masu hula, ana rubuta cx, gx, sx, ux a madadinsu, kamar yadda wasunmu ke yin dabara in ƙ da ɗ sun gagara.

Ga ɗan gwaji ka tafi da shi: Mia patrino iris al la bazaro matene. Ŝi aĉetis novajn vestojn por la infanoj, sed ŝi ne trovis sukeron. Morgaŭ oni malfermos la lernejon, kaj ni ĉiuj iros tien. Ma'anarsa: mahaifiyata ta tafi kasuwa da safe, ta sayo wa yara sababbin tufafi amma ba ta sami sukari ba, gobe za a buɗe makaranta kuma dukkanmu za mu je can. Akwai -n guda biyar a ƙarshen kalmomi a ciki. Ka nemo su, ka rubuto min dalilin kowacce, ka kuma gaya min abin da ya hana bazaro da infanoj samun tasu.